Shin ƙasa za ta iya girgiza a Tawa?

Duk lokacin da aka yi girgizar ƙasa a wani wuri, tambaya ɗaya ce ke zagaya fada-fadar samari da majalisun dattawa da zaurukan WhatsApp na Tawa: mu ma za ta iya riskar mu? An yi wannan tambaya bayan girgizar Turkiyya da Siriya ta ranar 6 ga Fabrairun 2023, wadda ta ci rayuka sama da 50,000. Bayan wata bakwai aka sake yin ta, da girgizar Maroko ta 8 ga Satumba ta kashe kusan mutum 3,000, wannan karon a Afirka, a ƙauyukan kan dutse masu gidajen laka irin namu. Da labari ya zo cewa unguwar Mpape ta Abuja ma ta motsa, sai hankali ya ƙara tashi, tunda Abuja ba nesa ba ce.

Amsoshin da ake bayarwa sun sha bamban. Wani ya ce ƙasarmu rairayi ce, rairayi kuwa ba ya girgiza. Wani ya ce ai duwatsun Adar ɗin nan girgiza ce ta tayar da su tun zamanin da, abin da ya taɓa faruwa kuma zai sake. Wasu na ɗora laifi kan masu haƙar yuraniyom da man fetur da foraj, wai sun rarake cikin ƙasa. Akwai kuma mai turo saƙon murya yana faɗin rana da sa'a.

Abin da masana ƙasa suka sani shi ne, Nijar na cikin wuraren da ƙasa ta fi kwanciya a duniya, kuma yiwuwar babbar girgiza a Tawa ko Yamai ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Dalilin bai shafi rairayi ba. Yana can ƙasa, cikin dutsen da rairayin ya lulluɓe. Abin da ke damuna a maganar shi ne yadda muke kashe tsoronmu kan haɗarin da ke nesa, alhali ƙasa na kashe mana mutane kowace damana ta wata hanya.

Me ke sa ƙasa ta girgiza?

Daga inda muke tsaye zuwa tsakiyar duniya akwai kusan kilomita 6,370. Ɓawon da muke noma da gini a kai bai wuce kilomita 30 zuwa 50 ba a ƙarƙashin nahiyoyi, a ƙarƙashin teku ma bai kai haka ba. Can ƙasa akwai dutse mai tsananin zafi wanda, ko da yake ba ruwa-ruwa ba ne, yana malala a hankali cikin dubban shekaru.

Wannan ɓawo na sama ba guda ɗaya ba ne. Ka ɗauki ƙwaryar da ta fashe gida-gida, gyartai ya ɗinke ta. Kowane yanki lafiyayye ne, amma in aka matse ƙwaryar, wurin ɗinkin ne ke motsi, nan ne kuma take sake ɓallewa. Ɓawon duniya ya kasu manyan faifai kamar bakwai da ƙanana da dama, kowane yana tafiya tasa. Faifan Afirka yana matsawa wajen na Turai da ƴan milimita a shekara. Na Larabawa yana tura arewa da kusan santimita 2 a shekara, yana matse ƙasar Turkiyya tana zamewa yamma.

A wurin haɗuwar faifai biyu, duwatsun ba sa zamewa salin alin. Suna cijewa. Faifan bai daina tafiya ba, don haka dutsen yana lanƙwasa kaɗan-kaɗan, ƙarfi yana taruwa shekara ɗari, shekara ɗari biyar, har ranar da cijewar ta gaza. Sai gefe guda ya suɓuce da mita biyu ko biyar cikin ƴan daƙiƙoƙi. Wannan suɓucewa ita ce girgizar ƙasa, kuma layin da ake suɓucewa a kansa shi ake kira tsaga. A Turkiyya tsagar da ta ɓalle ta haura kilomita 300, wato ta fi tafiyar Tawa zuwa Dogon Dutse.

Wannan ilimi sabo ne. Bajamushe Alfred Wegener ya kawo maganar cewa nahiyoyi na tafiya a 1912, aka ƙi yarda da shi, sai a shekarun 1960 da aka auna ƙarƙashin teku hujja ta tabbata. Yau na'urorin da ke aiki da tauraron ɗan Adam suna auna tafiyar kai tsaye.

Lambobin da ake ji a rediyo

Idan aka ce maki 6.8 ko 7.8 a ma'aunin Rikta, mutane na ɗauka bambancin kaɗan ne. Ƙarin maki ɗaya yana nufin ƙarfin ya ninka kusan sau 32, maki biyu kuwa sau 1,000. Ta Turkiyya mai 7.8 ta ninka ta Maroko mai 6.8 sau talatin da wani abu. Wadda ba ta kai maki 3 ba, da wuya mutum ya ji ta. Lambar kuma ba ita kaɗai ce ke yanke ɓarna ba. Zurfin wurin da dutsen ya ɓalle, da irin ƙasar da gari ke kai, da irin ginin, duk suna ciki. Girgizar da ta rushe Agadir a 1960 ba ta kai maki 6 ba, amma ta kashe mutum kusan 12,000 ko fiye, saboda ta ɓalle dab da garin kuma ba zurfi.

Ina Nijar take a wannan taswira?

Tana tsakiyar faifan Afirka, nesa da kowane ɗinki. Iyakar arewa tana bakin Bahar Rum, inda Maroko da arewacin Aljeriya suke, shi ya sa Aljeriya ta sha ta El Asnam a 1980 da ta Bumardas a 2003. Iyakar yamma tana can tsakiyar tekun Atlantika. Ta gabas tana wajen Bahar Maliya da Habasha da Kenya. Kowace daga cikinsu tana da nisan dubban kilomita daga Tawa.

Sai kuma tsufan dutsen. Idan ka ƙetare kogin Kwara a Yamai ka nufi Tera ko Torodi, dutsen da kake takawa na yankin Liptako ne, mai shekara sama da biliyan 2. Yana cikin wani tsohon dunƙule da ya ɗauki yawancin yammacin Afirka, mai kauri, mai sanyi, wanda ya daɗe da gama rikicinsa. Zinariyar Samira da ta ramukan gargajiya na wannan yanki cikinsa take. Yamai kanta tana zaune daidai inda wannan tsohon dutse ke nutsewa ƙarƙashin wasu duwatsu masu ƙuruciya. Daga nan zuwa Doso, Tawa, Sakkwato da Azawak, wani babban kwari ne da masana ke kira kwarin Iwillimmidan, wanda laka da yashi da farar ƙasa suka cika a tsawon miliyoyin shekaru. Ƙarƙashinsa akwai tushen dutse da ya haɗe tun kusan shekara miliyan 600, lokacin da ƙasashen da suka zama Azbin da Hoggar ta kudancin Aljeriya suka yi karo da wancan tsohon dunƙule. An yi manyan girgiza a nan a wancan zamani, babu shakka. Ɗinkin ne ya warke tun kafin a sami dabba a doron ƙasa.

Ga wani abin da ƴan Nijar da yawa ba su sani ba. Hukumar duniya mai sa ido kan gwajin makaman nukiliya ta kafa ɗaya daga cikin manyan tashoshinta na sauraren motsin ƙasa a Torodi. Tashar ta yi suna a cikin masu kaifin ji, tana kama girgizar da aka yi a wasu nahiyoyi. Abin da ya ba ta wannan kaifi shi ne shirun wurin da ƙarfin dutsensa.

To duwatsun Adar fa, wa ya tayar da su?

Nan ne na fi son a tsaya, domin amsar tana gabanmu, muna wuce ta kullum a kan hanyar Keita da Buza da Madawa.

Ka tsaya gindin kowane tsauni a Adar ka ɗaga kai. Abu na farko da za ka lura shi ne kansa a baje yake, babu tsini. Ka dubi na tsallaken kwarin, shi ma haka, kuma tsayinsu kusan ɗaya. Ka fara hawa. A ƙasa za ka taka laka mai ruwan toka ko rawaya wadda ke ɓarewa falle-falle a hannu, wani wuri da ƴan ƙyalƙyali a ciki, wato jibsin da ake tonowa ana kai wa masana'antar siminti. Sama da ita akwai farin dutse. Can bisa kuma baƙin dutse mai ja-ja, mai nauyi, cike da ƙarfe, irin wanda kakanninmu maƙera suka narka tama daga gare shi. Kowane shimfiɗe yake a kwance, ɗaya bisa ɗaya, kuma farin layin da ka gani a wannan tsauni za ka same shi a na tsallake, daidai wannan tsayi.

Dutsen da karon faifai ya tura sama ba ya zama haka. A duwatsun Atlas na Maroko, inda ƙololuwar Tubkal ta kai mita 4,167, shimfiɗun a karkace suke, a lanƙwashe, wasu a tsaye. Namu suna kwance yadda aka ajiye su. Ma'ana, Adar da can fili ɗaya ne mai faɗi, ruwa ne ya yi ta cin sa a zamunan da aka fi yanzu ruwan sama, ya fafe Majiya da kwarin Keita da na Badagishiri. Inda baƙin dutsen nan mai ƙarfe ya yi wa ƙasa hula, ruwa ya kasa ci, sai wurin ya saura a tsaye. Tsaunukanmu ragowar fili ne. Haka Dogon Dutse, haka tsaunuka uku na hayin kogi a Yamai, haka gaɓar Dallol Boso.

Sai ka duƙa ka duba farin dutsen da kyau. Za ka ga ɓawon ƙumba da katantanwa sun zama dutse. Za ka tsinci wasu dunƙulallu da ba su cika tafin hannu ba, masu zanen tauraro mai reshe biyar a bayansu. Makiyaya da yara sun san su sarai. Gawar wata ƙaramar dabbar teku ce. Ana samun haƙoran manyan kifayen teku ma. Tsakanin kusan shekara miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce, teku marar zurfi ya sha shigowa daga arewa, ta inda Aljeriya da Mali suke yau, ya rufe Adar har Sakkwato, ya janye, ya sake dawowa. Farin dutsen nan tarin ɓawon halittun wannan teku ne. Shi ake fasawa a Malbaza tun shekarun 1960 ana yin siminti, shi ne kuma ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato. Duk wanda ya gina ɗaki da simintin Malbaza, da ragowar wancan teku ya gina. Fosfat ɗin yankin Tawa ma daga nan ya samo asali, gawayin Salkadamna kuwa daga itatuwan fadamun da suka biyo bayan janyewar ruwan.

Abin na ba ni takaici idan na tuna ɗan lakkol a Keita zai haddace sunayen duwatsun Turai, amma babu wanda ya taɓa hawa da shi tsaunin bayan garinsu ya nuna masa wannan. Ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a Gadufawa da yankin Ingal, har da kada mai tsawon mita 9 ko fiye, suna gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai da kuma ƙasashen waje, duniya ta san su, mu ne ba mu damu ba.

Azbin da maganar aman wuta

Azbin labarinsa daban. Can ne tsohon tushen dutse ya fito fili, can ne kuma ƙololuwar Nijar take, Idukal-n-Tagas a kan Bagzan, mai mita 2,022. Manyan duwatsun Azbin masu siffar zobe saiwoyin tsoffin duwatsu masu aman wuta ne da suka mutu sama da shekara miliyan 400. Irinsu sun jeru daga arewa zuwa kudu: na Azbin su ne manya a shekaru, sai na Damagaram da Muniyo, sai na Jos a Najeriya su ne ƙanana. Shi ya sa ake samun kuza a Elmiki kamar yadda ake samun ta a Jos.

Akwai kuma wasu ƴan tsaunuka baƙaƙe a kudancin Azbin, wajen Todra, da aman wuta ya gina a zamani na kusa ƙwarai idan aka gwada da waɗancan. Ruwan zafi na Tafadek, inda mutane ke zuwa wanka don neman lafiya, shaida ce cewa akwai sauran ɗumi a ƙasa. Babu ko ɗaya da ke aman wuta a yau. Mai rai mafi kusa da mu shi ne Dutsen Kamaru, wanda ya yi amai a 1999 da 2000. A jerin duwatsun aman wuta na Kamaru ne tafkin Nyos ya saki iskar da ta shaƙe mutum sama da 1,700 cikin dare ɗaya a Agustan 1986.

A gabas, ƙarƙashin rairayin Tenere da Termit, akwai wata babbar tsaga da ta fara buɗewa lokacin da Amurka ta Kudu ke rabuwa da Afirka, sai ta tsaya a hanya, laka ta cike ta. Man Agadem da ake tacewa a Damagaram tun 2011 cikin wannan matacciyar tsaga ya dahu. Maganar da ake yaɗawa cewa Afirka za ta rabe biyu kuwa, gabashin nahiyar ta shafa, tana tafiya da ƴan milimita a shekara, kuma aikin miliyoyin shekaru ne.

Amma ai maƙwabta sun taɓa ji

Sun ji, kuma a nan ne masu cewa "ba za ta taɓa yiwuwa ba" suka wuce gona da iri. Birnin Akara na Gana ya sha girgiza mai ƙarfi a watan Yunin 1939, ta kashe mutane ta rusa gidaje. A ranar 22 ga Disambar 1983, girgiza mai maki sama da 6 ta afka wa arewa maso yammacin Gini, wurin da ba a san shi da ita ba, ɗaruruwan mutane suka mutu. A Najeriya an ji ƙananan motsi a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, da Mpape a 2018 da 2024. Tsohuwar tsaga da ke tsakiyar faifai takan ɗan motsa idan matsin da ke zuwa daga nesa ya taru a kanta. Abin yana da wuya, tazararsa na da tsawo, kuma yawanci ƙarami ne. Don haka ɗan motsin da zai kaɗa kwanuka a Nijar ba abin mamaki ba ne. Irin na Turkiyya ne babu tsagar da aka sani a nan da za ta iya haifar da shi.

Haƙar ma'adinai da foraj fa? Gaskiya ne aikin ɗan Adam yana iya tayar da girgiza. A Afirka ta Kudu, inda ramukan zinariya suka kai kusan kilomita 4, ana jin ta, wata ma ta haura maki 5. A Groningen ta ƙasar Holan, zuƙar iskar gas ta yi ta tsattsaga gidaje har gwamnati ta rufe wurin. Amma a gwada zurfi. Ramin Akuta na Arlit, wanda aka rufe a 2021, kusan mita 250 ne. Foraj ɗin Adar mai zurfi ƴan ɗaruruwan mita ne. Girgizar Maroko kuwa ta ɓalle a zurfin kusan kilomita 20, alhali rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa, a Rasha, bai wuce kilomita 12 da ɗoriya ba. Irin wannan motsi, inda ya faru, a kewayen wurin aikin yake tsayawa. Akwai tambayoyi masu nauyi da ya kamata a yi wa kamfanonin yuraniyom game da ruwan sha da tarin dattin da suka bari a Arlit. Ɗora musu girgizar da ba ta faru ba yana raunana waɗancan tambayoyi ne kawai.

Sau da yawa abin da mutum ya ji a gidansa nakiyar masu fasa dutse ce, ko wucewar babbar mota. Tsagewar bango kuma, musamman a gidajen da ke fadama, yawanci daga laka ce mai kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke da rani.

Masu cewa sun san ranar

Babu wani masani ko na'ura a duniya da ke iya faɗin rana da wuri da ƙarfin girgizar da za ta zo. Abin da ake iya faɗi shi ne wane yanki ne ke cikin haɗari a tsawon shekaru masu yawa. Japan da Meziko suna da na'urorin gargaɗi, amma suna aiki ne bayan dutsen ya riga ya ɓalle: saƙon waya ya fi girgizar sauri, sai mutanen da ke nesa su sami ƴan daƙiƙoƙi su fake.

Me ya sa wani lokaci maganar masu hasashe ke dacewa? Saboda a kowace shekara ana yin girgiza mai maki 7 ko fiye kusan 15 a duniya, masu maki 6 kuma sun haura ɗari. Wanda ke faɗin "za a yi" kowane mako, dole wata rana ya dace, sai a yaɗa wannan a manta da sauran. A Janairun 2010, ƴan kwanaki bayan girgizar Haiti, saƙon waya na ƙarya ya sa dubban mutane a Gana suka kwana a waje. Mai tura irin wannan saƙo ya tuna akwai tsohuwa mai hawan jini a cikin masu saurare.

Ta fuskar addini, babu mai jayayya cewa komai da ikon Allah yake faruwa, kuma sanin sababin abu ba ya rage imani. Abin da ban yarda da shi ba shi ne saurin yanke wa waɗanda abin ya shafa hukuncin cewa zunubinsu ne ya jawo. Cikin waɗanda gini ya danne a Antakiya ta Turkiyya da ƙauyukan Atlas akwai jarirai da limamai da mahaddata, kuma masallacin Tinmel na Maroko mai shekara sama da 800 yana cikin abin da ya rushe. Addu'a da taimako suka cancanta daga gare mu.

Gini ne ke faɗo wa mutum

Wanda girgiza ta samu a tsakiyar gona, da wuya ta yi masa komai. A 2010 an yi manyan girgiza biyu cikin mako bakwai. Ta Haiti mai maki 7.0, gwamnatin ƙasar ta ce ta kashe sama da mutum 200,000. Ta Chile mai maki 8.8, wadda ta ninka ta kusan sau 500, ta kashe ɗari biyar da wani abu. Chile tana da dokar gini kuma ana bin ta. A garin Bam na Iran, a Disambar 2003, girgiza mai maki 6.6 ta kashe sama da mutum 26,000, yawancinsu cikin gidajen tubalin laka masu nauyin rufi. A Turkiyya akwai doka mai kyau, amma an sha yi wa masu karya ta afuwa, har da ta 2018.

Wannan darasi namu ne kai tsaye, ko da ƙasa ba ta taɓa motsi a nan ba. A damanar 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, kuma da yawa daga mamatan ɗaki ne ya faɗo musu. Tsohon masallacin Damagaram da ya tsaya tun ƙarni na 19 ya zube a watan Satumba na wannan shekara. A 2020 kogin Kwara ya kai santimita 700 a Yamai, ya karya shinge ya shiga unguwanni. A Nuwamban 2021 ramin zinariya ya rufta a Ɗan Isa ta jihar Maraɗi da mutum 18. Duk wannan ilimin ƙasa ne: ina ruwa ke bi, wace ƙasa ce ke riƙe nauyi, wace ce ke zubewa.

A Adar abin ya fi bayyana. Ruwan da ya sauka kan fakon tsauni ba ya nutsewa, yana gangarowa da gudu ya taru a kori, korin kuma yana cin gaɓarsa kowace shekara, ya haɗiye gona, ya kai ga gidajen da aka gina a bakinsa da rani lokacin da yake bushe. Aikin da ya fafe Majiya bai ƙare ba. Mutanen Keita sun nuna ana iya rage masa gudu. Tun daga 1984, da aikin raya kwarin Keita, mata ne akasari suka yi ta ɗaukar dutse a ka suna jera shinge, ana haƙa rabin wata da tassa, har fako ya sake fitar da hatsi. Irin wannan aiki yana buƙatar gyara kullum, kuma wurare da dama an sake shi.

A cikin gari kuwa, laifin bai tsaya kan laka ba. Ginin laka mai tushe mai tudu, da yaɓe duk shekara, da indararo mai jefa ruwa nesa da bango, yana daɗewa, masallacin Agadas shaida ne. Abin tsoro shi ne bangon da gindinsa ke tsaye cikin ruwa, da rufin da aka yi ta ƙara wa ƙasa har azara ta gaji. Sai kuma sabon yayi: bulon da aka ƙwange wa siminti har yana marmashewa a hannu, ƙarfe siriri, babu ɗaurin da magina ke kira shenaj, sannan a ɗora bene kan tushen da aka yi don ɗaki ɗaya. Mai gida yana ganin ya yi tsimin kuɗi. Ma'aikatar magajin gari da ke ba da fili a hanyar ruwa, ko ta bar bene ya tashi ba injiniyan da ya duba, tana da kaso a abin da zai biyo baya. Ya kamata kowace ƙaramar hukuma a Adar ta mallaki taswirar koramunta, a san inda ba a raba fili, jama'a kuma su iya ganin ta.

Ga masu zuwa biɗa da ɗalibai

Akwai ƴan Adar da maganar girgiza ta shafa da gaske, su ne waɗanda ke zaune inda ake yin ta. Ƴan cin rani a biranen gaɓar Aljeriya da Maroko, ƴan kasuwa a Akara, ɗalibanmu a Turkiyya. Yawancinsu kuma a tsofaffin gidaje masu arhar haya suke kwana, ko cikin ginin da ba a gama ba.

Idan ƙasa ta fara motsi kana cikin bene, kada ka ruga matakala, kada ka shiga na'urar hawa. Ka durƙusa, ka shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi, ka kare kanka da wuyanka, ka nisanci taga. Idan ɗakin ƙasa ne na laka ko bulo kuma ƙofa na kusa da fili, fita ya fi. A waje, ka yi nesa da bango da turakun lantarki. Idan kana bakin teku kuma girgizar ta yi ƙarfi ko ta daɗe, ka nufi tudu ba tare da jiran sanarwa ba. Bayan ta lafa, a rufe gas, kada a kunna ashana. Kada kuma a koma cikin ginin da ya tsage don ɗauko kaya ko takardu, domin girgiza tana da ƴan rakiya. A Turkiyya, kusan sa'a tara bayan ta farko, wata mai maki 7.5 ta biyo baya, ta ƙarasa gine-ginen da ta farko ta raunana.